Gidan da Ba Wanda Ke Shiga

Safiyo ake ce masa, ko da yake bai taɓa ɗaukar ma'auni ya shiga daji ba. Masu fita cikin rana su auno ƙasa daban suke. Shi aikinsa a bene yake, a ofishin filaye, gaban wani faffaɗan teburi mai gangara da aka jingina da taga. A kawo masa lambobi a takarda, ya mayar da su kogi da tudu da kan iyaka. Shekara talatin da huɗu ya yi a kujera ɗaya. Yatsansa na tsakiya ya yi kanta inda alƙalami ke kwanciya, tawadar da ta shiga ƙarƙashin farcensa kuwa har ya ajiye aiki ba ta gama fita ba. Ba mai magana ba ne. Abokan aikinsa kan ce in ka ji Safiyo ya jera kalma goma, to wani ne ya ɗauki rularsa bai mayar ba.

Su biyu rak iyayensu suka bari a duniya, shi da ƙanensa da kowa ke kira Auta. Shekara bakwai ke tsakaninsu. A kafaɗar Safiyo Auta ya fara ƙetare kogin bayan gidansu, yana riƙe da kunnuwan yayansa kamar mai tuƙa keke. Da suka girma Auta ya kama aikin jirgin ƙasa a wani gari mai nisa, shi ke kula da sigina a tasha, kullum idonsa na kan agogo. Duk maganar da Allah ya hana yayan, ƙanen ya ba. In ya zo hutu, tun daga bakin layi ake jin dariyarsa.

Wata shekara aka yanke shawarar fitar da babban titi ta tsohuwar unguwarsu. Injiniyoyi suka kawo lambobi, Safiyo ya ɗora rula kamar kullum, sai ya ga layin ya bi ta tsakiyar gidan mahaifinsu, ya ratsa daidai ɗakin da Inna, mahaifiyarsu, ta rasu a ciki shekara biyu da suka wuce. Ya je wurin shugaban ofis. Shugaban ya ce, cikin tausasa murya, lamba ba ta san ɗakin kowa ba. Ya dawo teburinsa, ya daɗe yana kallon taga, sannan ya ja layin. Ya fita sumul, domin hannunsa bai iya karkataccen layi ba.

Ranar da motar rusau ta zo, Auta ya iso da jirgin safe. Ya karɓi taswirar a hannun shugaban leburori, ya duba ƙasan takardar inda mai zane ke sa hannu.

"Yaya, wannan hannunka ne?"

"Aiki ne, Auta."

Auta ya bi layin da yatsa tun daga wannan gefe har wancan. "Ko rawa hannun bai yi ba," ya ce. Ya miƙa takardar, ya juya.

Shekara goma sha ɗaya ba su ƙara haɗa magana ba. Dangi suka yi bakin ƙoƙarinsu, suka tuna musu cewa harshe da haƙori ma suna saɓawa, suka gaji suka bari. In taro ya haɗa su, su yi musabaha da kan yatsu, kowa ya nemi kujera a nasa gefen.

Kwamfuta ce ta kawo ƙarshen aikin Safiyo. Abin da yake kwana huɗu yana zanawa, sai ga matasa suna fitar da shi kafin shayinsu ya huce. Ya yi ritaya ba hayaniya, ya tafi gida da rularsa. Matarsa ta riga ta rasu, sai ya koma zama da 'yarsa, malamar asibiti, wadda yake kira Uwata saboda sunan Inna ta ci. Ganin yana yini a baranda yana ƙirga motoci, ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta, ta ajiye a ɗakinsa.

"Abin da ya kore ni daga aiki shi kika kawo min gida?"

"To, Baba, ka ga ka samu damar ramawa."

A cikinta ya tsinci wasan. Wasan yaƙi ne, amma ba irin na gudu da harbe-harbe ba. Bi da bi ake yinsa, kamar dara. Fili ne da aka rarraba gida-gida masu kusurwa shida, akwai daji, akwai dutse, akwai ruwa. Kowane ɓangare na da sojoji da kwamanda guda. Ka motsa naka ɗaya bayan ɗaya, ka yi tunani iya son ranka, in ka gama ka danna maɓallin gama zagaye, wasa ya koma hannun abokin karawarka. Wanda aka kashe wa kwamanda ya faɗi. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne wasan ba na kowa ba ne, kuma na kowa ne. 'Yan sa-kai ne daga ƙasashe barkatai suke gina shi bayan sun tashi daga aikinsu, ba a saye, ba a sayarwa, cikinsa a buɗe yake ga duk mai iyawa ya leƙa, ya gyara, ya ƙara. Wani ya zana doki, wani ya tsara kiɗa, wani ya toshe ɓaraka. Kuma akwai wurin da mutum zai zana nasa filin dagar.

Da ya gano wannan wurin, Safiyo ya daina zama a baranda. Wata biyu ya yi yana zane. Ya ɗora kogin da lanƙwasarsa biyu, da gadar katako, da tudun da suke gangarowa da gudu, da kurmin da Inna ta hana su shiga. A bakin ruwa, dab da gadar, ya ɗora gida guda ɗaya. Titi kuwa bai sa ba.

Sannan ya kira 'yarsa. "Uwata, babanki ƙarami yana da adireshin imel?"

Ta nemo adireshin a wurin matar Auta, ta rubuta yadda ake sauke wasan, da yadda ake buɗe fayil, a buga, a adana, a maido.

"Me zan ce ka ce, Baba?"

"Kada ki ce na ce komai."

Ya buga zagayen farko, aka tura. Mako uku shiru. A mako na huɗu fayil ya dawo, babu ko sallama a jikin saƙon. Ya buɗe, wasan ya maimaita masa abin da ɗaya ɓangaren ya yi, kamar yadda yake yi duk lokacin da aka buɗe. Mahaya uku sun sauko daga tudu, sun tsaya a bakin kogi. Safiyo ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Ana cewa zumunci a ƙafa yake. Nasu a fayil ya zauna, shekara shida. Ba su taɓa rubuta wa juna ko harafi ba, amma dokoki biyu suka tsiro a tsakaninsu ba tare da kowa ya furta ba. Ta farko, fayil ba ya wuce kwana uku a hannun mutum, kuma Auta, da yake mutumin agogo ne, bai taɓa saɓawa ba. Ta biyu, ba wanda ke shiga gidan. A ƙa'idar wasan, gida wuri ne mai daraja, domin sojan da ya ji rauni in ya kwana a ciki yakan tashi da sauƙi idan zagayen ɓangarensa ya dawo. Duk mai son nasara gidan zai fara kamawa. Amma rundunonin nan biyu sun yi ta karkashe juna a kan gada, a cikin ruwa, a gindin tudu, suna zagaye gidan kamar masu zagaye mai barci.

Ta motsin sojoji Safiyo ke jin labarin ƙanensa. In mahaya suka kutso ba lissafi, ya san Auta na cikin nishaɗi. In aka ja da baya aka yi ganuwa, ya san akwai abin da ke damunsa. Wani lokaci Auta kan ɗauki soja guda ya yi ta kai shi yana dawo da shi a wuri ɗaya, ba don komai ba sai tsokana, Safiyo ya yi dariya shi kaɗai a ɗaki.

"Ranka ya daɗe Janar," Uwata kan ce daga bakin ƙofa, "abinci ya huce, ko sai an ci gari tukuna?"

"Babanki ƙarami ya sake ɗana min tarko a kurmi. Tun yana yaro haka yake, ya ɓuya inda aka hana."

"Ka kira shi mana ka faɗa masa."

"Ya sani."

Yaƙinsu na ƙarshe ya shiga shekara ta biyu ba wanda ya rinjayi wani. Safiyo na da wani maharbi da ya raina tun zagayen farko, ya tsallake tarko bakwai, har ya zama tsohon hannu. Wata safiya ya buɗe fayil ya tarar Auta ya yi wa maharbin ƙawanya a bakin gada ya gama da shi. Ransa ya ɓaci fiye da yadda ya dace da dattijo. Bai tsaya lissafi ba, ya kwaso duk rundunarsa ya ƙetare gadar, ya auka wa kwamandan Auta, ya bar shi da ɗan guntun rai. Ya tura a ranar.

Kwana uku suka wuce, babu amsa. Biyar. Bakwai. Kowace safiya ya duba akwatin saƙo kafin ya sha shayi, ya tarar da wayam. A rana ta tara fayil ya iso.

Safiyo ya kalli saƙon, bai buɗe ba.

"Fushi yake yi don na taɓa masa kwamanda," ya ce wa Uwata. "Kwana tara ya shanya ni. To, kwana tara zan shanya shi."

"Baba, kai fa ne babba."

"Shi ya sa. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi."

Ya sa alƙalami ya zagaye ranar a kalanda, yana ƙirgawa yana jin daɗin kansa. A rana ta shida, da hantsi, yana datse farce a baranda, wayar Uwata ta yi ƙara a falo. Ya ji ta ɗauka, ya ji ta saki salati. Ta fito ta durƙusa a gabansa, ta riƙe masa gwiwa.

Tafiyar yini guda ce a mota. Sun tarar an riga an kai Auta makwancinsa. Sai a rana ta uku, da mutane suka ragu, matar Auta ta same shi a ɗan tsakar gidansu, ta zauna nesa kaɗan, tana murza bakin mayafinta.

"Yaya, kwana goma sha biyar ya yi a asibiti. Zuciya ce. Kwana taran farko ko zama ba ya iyawa. Ranar da ya ɗan farfaɗo, abin da ya fara nema kwamfutarsa ce. Na ɗora masa a kan filo. Ya fi awa yana abu ɗaya."

"Me ya hana ku kira ni?"

"Shi ya hana. Na ɗauki waya, ya ce in ajiye. Ya ce, ‘Kada ki gaya masa, na riga na gaya masa. In ya buɗe zai gani.’" Ta share ido. "Kullum da safe sai ya ce, ‘Duba min, Yaya ya maido?’ In ce tukuna. Sai ya ce, ‘Yana tunani ne. Yaya ba ya gaggawar layi.’"

Da-na-sani ƙeya ce, amma Safiyo tasa a ƙirji ta zauna.

Mako guda ya yi a can. Uwata ta riga shi dawowa saboda aiki, kuma don ta rage masa kewa ta gyara ɗakinsa, ta wanke labule, ta kakkaɓe kwamfutar. Da na'urar ta nemi a sabunta abubuwan cikinta, Uwata ta amince da duka. Ya dawo da la'asar, ko takalmi bai cire ba ya zauna, ya danna fayil ɗin. Wasan ya buɗe da sabuwar fuska, ya fito da ɗan gajeren rubutu: wannan fayil na tsohon samfuri ne, ba zai buɗu ba.

Ya sake dannawa. Ya sake. Shekara shida shi da Auta suna kan samfuri ɗaya, ba wanda ya taɓa sabuntawa don kada na ɗayan ya ƙi karɓa.

"Baba, wallahi ban sani ba."

"Ba ke ba ce, Uwata. Kwana shida yana hannuna yana buɗuwa."

Kwana biyu ya yi ba ya cin abin kirki. Maganar ƙarshe da ƙanensa ya yi masa tana nan a gabansa, ga sunan fayil, ga ranar da aka turo, ga ƙarfe nawa, amma a kulle. A rana ta uku Uwata ta zaunar da shi, suka shiga zauren intanet da masu gina wasan ke tattaunawa. Wannan karon da kansa ya rubuta, da yatsa ɗaya. Mutumin da ba ya jera kalma goma ya cika shafi. Ya faɗi komai, har da titin.

Kafin azahar amsa ta zo daga wata mata da ba a san ƙasarta ba, wadda ke kiran kanta Mai Gyaran Gada. Ta yi masa ta'aziyya a layi biyu. Sannan ta ce kada ya damu, a wurinsu ba a zubar da komai. Duk samfurin da aka taɓa fitarwa tun ranar farko yana nan a ajiye, kowa na iya ɗauka. Ta ce ya duba lambar da ke farkon fayil ɗin, ta nuna masa inda zai sami wanda ya dace da ita. A ƙarshe ta roƙi, in ba zai damu ba, wata rana ya bari su ga taswirar.

Safiyo ya karanta sau biyu. "Ba sa rushe tsohon don sabo ya wuce," ya ce a hankali.

Uwata ta sauke tsohon samfurin washegari da safe kafin ta tafi aiki. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa.

"In zauna?"

"Je ki, marasa lafiya na jiranki."

Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan teburin. Ya danna. Fayil ya buɗe.

Ga kogin, ga gadar, ga rundunarsa cunkus a bakin ruwa inda fushi ya kai ta. Wasan ya fara maimaita zagayen Auta. Mahayan ba su motsa ba. 'Yan baka ba su motsa ba. Masu tsaron tudu suna nan inda suke. Kwamandan kaɗai ya ɗaga ƙafa, ɗan jan layin da ke nuna ransa ya rage kamar zare. Hanyar tsira a buɗe take ta bayansa, ta tudu, inda mutanensa za su rufe shi. Bai bi ta nan ba. Ya taka gida ɗaya, biyu, uku, huɗu, ta tsakiyar sojojin yayansa, ya shiga gidan. Ya tsaya. Zagayen ya ƙare.

Safiyo ya ɗora hannu a baki. Fiye da awa guda Auta ya yi a kan wannan taku huɗun. Da Safiyo ya buɗe a ranar da saƙon ya iso, da ya gane. Ko makaho ya shafa zai gane. Da ya hau motar farko.

Ya daɗe a zaune, har inuwar ƙarfen taga ta tashi daga teburin ta hau bango. Yanzu wasa na hannunsa. Sojojinsa biyar ne kewaye da gidan, ko wanne ya ɗaga hannu yaƙin shekara biyu ya ƙare. Ya kama na farko ya mayar da shi hayin gada. Ya kama na biyu. Ɗaya bayan ɗaya ya kwashe su, har bakin ruwan ya zama fili. Sannan ya ɗauko nasa kwamandan daga can baya, ya kawo shi. Ya gwada shigar da shi gidan, wasan ya ƙi. Gida ɗaya, mutum ɗaya, haka ƙa'idar take. Ya tsayar da shi a bakin ƙofa.

Hannunsa, da bai taɓa rawa a kan takarda ba, sai da ya riƙe shi da ɗayan kafin ya iya danna maɓallin gama zagaye.

Wasa ya koma ɓangaren Auta. Wani ɗan haske ya gilma a kan gidan, jan zaren nan ya ƙaru kaɗan, kamar yadda yake yi wa duk mai raunin da ya kwana a gida. Sannan komai ya tsaya, ana jiran mai wasa na biyu.

Safiyo ya adana fayil ɗin. Ya buɗe akwatin saƙo, ya liƙa shi, ya sa adireshin da ya saba. A farin filin da shekara shida yana barinsa wayam, ya rubuta da yatsa ɗaya: Auta, na gani. Ya tura.

Da Uwata ta dawo da yamma ta same shi a baranda, rular nan tasa a kan cinya.

"Baba, ka buɗe?"

"Na buɗe."

"Me ya ce?"

"Ya koma gida."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Motoci na ta wucewa. Can ya ce, "Gobe ki tura wa matar nan taswirar. Ki ce duk mai so ya ɗauka. Amma ki rubuta a jiki, gidan da ke bakin gada akwai mutum a ciki."

Ya ƙara shekara huɗu a duniya, bai sake fara wani yaƙin ba. Kowace safiya dai, kafin ya sha shayi, yakan duba akwatin saƙo.